Dalilin da ya sa shafin kasuwancinka ke karkacewa a wayar mai saye

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina ya san irin hada-hadar da ake yi a wurin tun daga hantsi har bayan isha'i. Ta wannan ƙofa ce Baturen mulkin mallaka Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya shiga birnin a shekarar 1903. A yau kuwa ta zama mahaɗar masu shaguna da direbobi da ma'aikatan gwamnati, kuma da wuya ka ga wanda ba ya riƙe da waya a hannu. Ciniki mai yawa ya koma cikin waɗannan wayoyi. Bayan tallar WhatsApp da Facebook, wasu 'yan kasuwa sun fara biyan matasa masu ilimin kwamfuta su gina masu shafin intanet nasu na kansu.

A nan ne ake yawan samun wani saɓani da ke ɓata tsakanin mai aiki da mai biya. A ɗauka wani mai sayar da yadi ya bayar da aikin shafi. Ranar miƙa aiki, matashin ya buɗe kwamfutarsa ya nuna masa akwatuna uku a jere: na shadda, na atamfa, na leshi. Kowanne da hotonsa da farashinsa da maɓallin yin oda, sun zauna daram a tsakiyar allo. Alhaji ya yaba, ya cika kuɗi. Da dare wani abokin cinikinsa ya kira daga Jibiya, ya ce shi kam akwatunan duk sun taru a hagu, na uku ya faɗo ƙasa, farashin atamfa kuma rabinsa ya shige gefe. Alhaji ya ɗauka an yi masa aikin ha'inci. Matashin ya rantse cewa a wurinsa komai daidai yake. Abin mamaki shi ne, duka su biyun gaskiya suka faɗa.

Ma'aikacin gwamnati ma ya san wannan matsala. Sau nawa mutum ke cike fom na tantancewa ko na neman ƙarin girma a waya, ya kai ƙarshe ya tarar maɓallin turawa ya ɓace a gefen da yatsa ba ya kaiwa, ga wa'adi na ƙarewa? Tushen matsalolin biyu ɗaya ne, kuma fahimtarsa ba ta buƙatar digiri.

Kowace waya da nata magini

Idan ka kai aikin fosta wurin masu ɗab'i, abin da ka gani a takarda ta farko shi za ka gani a ta dubu, domin an riga an buga an gama. Shafin intanet ba haka yake zuwa ba. Abin da ke isowa wayarka umarni ne a rubuce: a sa hoto nan, a sa rubutu can, a bar tazara kaza. Manhajar da kake buɗe shafin da ita, wadda ake kira burauza, irin su Chrome da Firefox da Safari da Opera, ita ce ke karanta umarnin ta gina shafin nan take a fuskar wayarka. Tamkar ka zana taswirar gida ɗaya ce ka aika wa magina uku, kowanne da girman filinsa, kowanne da inda ya koyi sana'a.

Da harsuna biyu ake rubuta wannan umarni. Na farko shi ne HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, inda shafin farko na duniya ya fito a 1991. Shi ke faɗin mene ne a shafin: wannan kanu ne, wannan hoto ne, wannan sakin layi ne. Na biyu shi ne CSS, wanda wani ɗan ƙasar Norway mai suna Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafuka ta amince da shi a watan Disamba na 1996. Shi ke faɗin kamanni: launi, faɗi, tsawo da wurin zama.

Kowace burauza tana da injin da ke fassara waɗannan harsuna. A yau manyan injuna uku ne suka rage. Blink shi ke cikin Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet. WebKit shi ke cikin Safari. Gecko kuma na Firefox ne. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a kan iPhone da ake amfani da ita a Najeriya, ko Chrome mutum ya ɗora, injin Safari ne ke aiki a ƙarƙashi. Saboda haka Chrome na Tecno da Chrome na iPhone suna ɗaya ne kawai suka haɗa, maginansu daban.

Lissafin neman tsakiya

A idon burauza, duk abin da ke shafi akwati ne mai kusurwa huɗu, ko da ba a ga layinsa ba. Sanya akwati ɗaya a tsakiya lissafi ne da kowane tela ya sani. Idan zai yanka wuyan riga, sai ya ninka yadin biyu ya samu tsakiya. Burauza ma tana ɗaukar faɗin allo, ta cire faɗin akwati, ta raba ragowar gida biyu, rabi dama rabi hagu.

Ana auna waɗannan abubuwa da wani ɗan ƙaramin ma'auni mai suna fiksel. Idan allon kwamfuta yana da faɗin fiksel 1,200, aka jera akwatuna uku masu faɗin 300 kowanne, da tazarar 20 a tsakaninsu, jimilla ta zama 940. Ragowar 260 ce, wato 130 a kowane gefe. Wannan shi ne abin da Alhaji ya gani ranar miƙa aiki. To amma yawancin wayoyin hannu faɗinsu a wannan ma'auni bai wuce 360 zuwa 430 ba. Kayan 940 ba za su shiga ɗakin 360 ba. Dole ɗayan biyu ya faru: ko akwatunan su sauko ƙarƙashin juna, ko su zarce gefen allo su ɓace. Idan mai ginin bai faɗi wanda yake so ba, burauza za ta bi abin da ta saba, kuma ba lallai ya yi wa mai kallo daɗi ba.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi wannan zurfi, wadda ta raba kan kamfanoni shekara da shekaru: idan aka ce faɗin akwati 300 ne, daga ina zuwa ina ake aunawa? Kowane akwati yana da sassa huɗu, kuma shago ya ishe mu misali. Akwai wurin da aka jera kaya. Akwai sararin da aka bari tsakanin kayan da bango. Akwai kaurin bangon kansa. Sannan akwai lungun da ke tsakanin shagon da na maƙwabci. Ƙa'idar W3C ta ce faɗi yana nufin wurin kaya kaɗai, sarari da bango kuma ƙari ne a kai. Amma Internet Explorer 5 na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 1999, yana aunawa ne daga bayan bango zuwa bayan bango.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Akwati mai faɗin 300, da sararin 20 da bango mai kaurin 5 a kowane gefe, a Internet Explorer 5 yana nan a 300. A burauzar da ke bin ƙa'ida kuwa ya zama 350. Akwatuna uku sun zama 900 a can, 1,050 a nan. Idan filin da aka tanadar masu 960 ne, a wuri ɗaya za su shiga har da ragowa, a ɗayan kuma na uku zai faɗo ƙasa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da tiyar wata kasuwa ya je ya sayar da tiyar wata ya san irin wannan asara. Microsoft ya gyara lamarin a Internet Explorer 6 a 2001, ga shafukan da suka bayyana a layinsu na farko cewa ƙa'ida suke bi. Daga baya kuma masu gina shafuka suka gane cewa awon bango zuwa bango ya fi sauƙin lissafi, har aka shigar da shi cikin ƙa'ida a matsayin zaɓi. A yau akasarin ƙwararru shi suke zaɓa tun a farkon aiki.

Shekarun dabara da faci

Harshen CSS na farko an tsara shi ne domin rubutu mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar shafin littafi. Ba a tanadi wata hanya ta musamman ta jera akwatuna gefe da gefe ba. A lokacin kuma kamfanonin Netscape da Microsoft suna tsaka da gasar ƙwace kasuwa, tun bayan fitowar Netscape Navigator a 1994 da Internet Explorer a 1995, kowa na ƙara abin da ya ga dama ba tare da jiran ɗan'uwansa ba. Wahalar ta faɗa kan masu gina shafuka, waɗanda suka koma neman dabaru.

Dabara ta farko ita ce amfani da jadawali, irin wanda ake jera alƙaluma a ciki, a ɓoye layukansa a zuba hotuna da rubutu a gidajensa. Yana zama a tsakiya lafiya lau, amma ba ya lanƙwasa. Jadawali mai gida uku gida uku ne ko a babban allo ko a ƙarami.

Dabara ta biyu ita ce tura akwatuna gefe da wani umarni da asali aka yi shi domin rubutu ya zagaye hoto, kamar yadda ake gani a jarida. Wannan umarni hagu da dama kawai ya sani, babu tsakiya a cikinsa. Don haka sai a zuba akwatunan cikin wani babban akwati mai ƙayyadadden faɗi, a ce wa burauza ta raba ragowar fili daidai a gefensa biyu. Internet Explorer 5 bai fahimci wannan rabo ba, sai an yaudare shi da umarnin da ake sa rubutu a tsakiya. Internet Explorer 6 kuma yana da wani sanannen kuskure na ninka tazarar gefen irin waɗannan akwatuna: a rubuta 10 ya ba da 20, jeri ya watse.

Dabara ta uku ita ce a sa burauza ta ɗauki kowane akwati kamar kalma a cikin jimla, domin kalmomi suna jeruwa kuma ana iya sa su a tsakiya. Ta yi aiki, amma ta zo da nata cikas: ɗan gurbin da ke raba kalma da kalma yana bayyana tsakanin akwatunan, kimanin fiksel 4. Akwatuna biyu da aka ba kowanne rabin fili cif sai su ƙi shiga layi ɗaya saboda wannan ɗan gurbi. Firefox ma bai karɓi wannan hanya sosai ba sai a fitowarsa ta uku a 2008.

Maganin gaskiya ya zo ne da tsare-tsare biyu da aka yi musamman domin wannan aiki. Na farko shi ne Flexbox, wanda daftarinsa na farko ya fito a 2009, aka sake masa fasali har ya daidaita a 2012. Da shi, layuka uku sun wadatar: ɗaya ya ce a jera akwatunan, ɗaya ya ce a tara su a tsakiya, ɗaya ya ce idan fili ya gaza na ƙarshe ya sauko sabon layi, shi ma a tsakiya. Na biyu shi ne Grid, mai raba shafi gida-gida a tsaye da kwance, wanda Chrome da Firefox da Safari suka fitar a wata guda, Maris na 2017. Microsoft ya koma kan injin Blink da sabon Edge a Janairun 2020, ya kuma yi ritayar Internet Explorer a ranar 15 ga Yuni, 2022. Tun daga 2021 manyan kamfanonin ke haɗa hannu kowace shekara suna gwada injunansu da jarrabawa ɗaya domin rage saɓani.

Me ya sa har yanzu ake gani a wayoyinmu?

Mai karatu zai iya tambaya: tunda an sasanta, me ya kawo ƙorafin mutumin Jibiya? Dalilan suna da alaƙa da irin wayoyin da ke hannunmu da yadda muke amfani da su.

Na farko shi ne aikin da aka yi domin kwamfuta kaɗai. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, kusan duk shafukan duniya na babban allo ne, sai aka sa waya ta riƙa ɗaukar kanta kamar mai faɗin 980, ta gina shafin, sannan ta ƙanƙance shi. Har gobe haka wayoyi ke yi, sai idan mai gini ya sa wani layi guda da ke cewa a yi amfani da ainihin faɗin wayar. Idan ka buɗe shafi ka ga rubutu ƙanana kamar tururuwa, sai ka buɗa da yatsu biyu kafin ka karanta, galibi wannan layi ne babu. Tun 2010 wani mai zane ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya yaɗa tsarin gina shafi ɗaya mai sauya zama gwargwadon allo, kuma shi ne abin da ake sa ran kowane mai wannan sana'a ya iya a yau.

Na biyu shi ne tsufan burauza. Mutane da yawa suna kashe sabunta manhajoji domin tattalin data, wasu kuma wayar ce ta tsufa har kamfani ya daina aiko mata da sabon abu. Burauzar da ba ta san wani umarni ba ba ta yin gargaɗi, tsallake shi kawai take yi ta wuce. Misali, umarnin barin tazara tsakanin akwatunan Flexbox bai shiga Chrome ba sai 2020, Safari kuma sai 2021. A wayar da ta tsaya kafin nan, akwatunan za su manne da juna.

Na uku shi ne Opera Mini, wadda ta fito wa duniya a 2006 kuma ta samu karɓuwa ƙwarai a Najeriya saboda rage cin data. Idan aka sa ta a matakin tattali mafi tsanani, ba wayarka ce ke gina shafin ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi da tsohon injinsu mai suna Presto, su matse shi, su aiko maka da sakamakon. Wannan inji bai san Grid ba, kuma ba ya ɗauko zubin haruffan da mai shafi ya zaɓa. Ga kuma Phoenix da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, da ƙaramar burauzar da ke buɗewa a cikin Facebook idan an latsa adireshi. Mai sayen da ya zo ta tallarka ta Facebook, ta wannan ƙaramar taga zai fara ganin shagonka.

Na huɗu ya shafi harshenmu kai tsaye. Zubin haruffa da yawa da aka yi a Turai ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan burauza ta rasa su, sai ta aro daga wani zubin, harafin ya fito da wani girma daban, wani lokacin ma ɗan murabba'i ne zai fito a gurbinsa. Sannan abin da Turanci ke faɗa da kalma ɗaya, Hausa kan buƙaci biyu ko uku, don haka maɓallin da aka auna da Turanci yakan cika ya tumbatsa idan aka fassara. Dattawa da yawa kuma suna ƙara girman rubutun wayarsu saboda ido, wanda ke sa akwati mai ƙayyadadden tsawo ya yanke farashi ko lambar waya. Ga masu son shafi da ajami ko Larabci, Flexbox da Grid suna da wata fa'ida: da zarar an bayyana cewa rubutun daga dama yake farawa, jerin akwatunan ma zai juya da kansa.

Kafin ka cika kuɗin aiki

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar koyon CSS, kamar yadda mai gina gida ba ya buƙatar iya ɗora bulo. Abin da yake buƙata shi ne ya san yadda ake karɓar aiki. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, kuma kallon shafi a kwamfutar wanda ya gina shi kaɗai bai wuce hakan ba.

Ka sa a ɗora shafin a intanet, ka buɗe shi da wayarka da datarka. Ka karɓi wayar yaron shago, wadda wataƙila ta fi taka tsufa, ka buɗe da ita. Ka nemi mai iPhone a cikin maƙwabta. Ka gwada da Opera Mini, ka kuma aika wa kanka adireshin ta Facebook ka latsa daga can. A kowanne ka duba abu huɗu: shin farashi yana fitowa cikakke, shin yatsa yana kaiwa ga maɓallin oda da lambar waya, shin sai ka ja shafin gefe kafin ka ga ƙarshen layi, shin ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai. Ka juya wayar a kwance, ka ƙara girman rubutu, ka sake dubawa.

Kada ka tsaya kan cewa lallai sai shafin ya zama iri ɗaya a ko'ina. Akwatuna uku a jere a kwamfuta, su koma ɗaya bisa ɗaya a waya, wannan alamar aiki mai kyau ce. Abin ƙi shi ne wani abu ya ɓace ko ya hau kan wani. Yana da kyau kuma a rubuta cikin yarjejeniya wayoyi da burauzojin da za a gwada, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an gama gwajin, a kuma amince da wa'adin gyara kyauta.

Jami'an da ke karɓar aikin shafukan ma'aikatu nauyinsu ya fi haka, domin mai sayen yadi yana iya komawa wani shago, amma ɗan fansho ko mai neman gurbin karatu ba shi da wata ƙofar. Kafin a sa hannu a takardar kammala aiki, ya dace a cike fom ɗin tun daga farko har ƙarshe da ƙaramar waya mai araha, a wajen ofis, da irin sabis ɗin da talaka ke samu. Matasan da ke koyon wannan fanni a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su ma su saba da fara zane daga ƙaramar waya, sannan su faɗaɗa zuwa kwamfuta, tunda mafi yawan waɗanda za su buɗe aikinsu a Katsina da kewaye da waya za su buɗe shi.